Ɗan Ƙi-Faɗi a Bakin Raga

Shekaranjiya ina zaune wajen mai shayi na bakin tasha, ku samarin nan kun haɗa kai a kan waya ɗaya kuna kallon wani ɗan ƙwallo mutumin Japan da ke wasa a Turai. Na ji ɗayanku yana cewa wannan ai ya huta, daga ɗan guje-guje sai a cika masa aljihu. Wani ya ƙara da cewa wanda ya fi kowa hutawa shi ne mai tsaron raga, don shi ko gudun ma ba ya yi. Na kurɓi shayina, amma maganar ta tsaya mini a rai. Ni na yi tsaron raga, kuma na yi shi a ƙasar da ba tawa ba. To ku gyara zama.

Ku kun san ni da Habu Gardiyan. Iyayenku sun san ni da ɗan Ƙi-Faɗi. Mahaifina Mamman manomin gero ne a wani ƙauye gabas da Belbeji, yana da 'yan shanunsa daidai rufin asiri, amma abin da ya kai sunansa nesa kokawa ce. Idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, sai a ɗauki kiɗa, gari ya gayyaci gari. Tun daga Tanut har Tenhiya ba a samu wanda ya kai shi ƙasa ba, har ya ajiye kokawar don kansa, shi ya sa ake ce masa Ƙi-Faɗi. Saboda haka a gidanmu faɗuwa ba ƙaramin abu ba ce. Yaro in ya yi tuntuɓe ya faɗi, kafin ya fara kuka sai ya waiga ya ga ko Baba ya gani.

Da aka kama ni lakwal, wato makarantar boko, sai aka kawo ni nan Tanut wajen kawuna. Malaminmu, Mushe Sule, shi ya fara tsayar da ni a raga, don na fi kowa tsawo kuma hannuwana kamar na mai tsinkar tsamiya. Balo in ta zo ta sama, ba ta wuce ni. In ta zo ta ƙasa, ta nufi kusurwa, sai in miƙa ƙafa iya inda ta kai, in ba ta kai ba in bi balo da ido. Mushe ya yi ta ihu, "Habu, faɗi mana! Faɗi ka kama ta!" Ni kuwa na ce, "Mushe, a gaban mutane?" Ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya gane da gaske nake. Sai ya riƙa kai ni bayan lakwal, kan tudun yashi inda ba mai gani, yana jefa mini balo nesa da ƙafata. Sanyin shekarar nan duka a kan abu ɗaya ya ƙare, wato in yarda in jefa jikina ƙasa da kaina. Sauran yara suna koyon kama balo, ni ina koyon mantawa da ɗan wane ne ni.

Kayan aikinmu na lokacin ba su da yawa. Balo ɗaya ce a garin nan kaf, ta fata, da roba a ciki, ana ɗaure bakinta da tsirkiya kamar takalmi. Ƙayar aduwa ba ta raga mata. Duk sati tana wajen baduku a kasuwa, ya ɗinke nan ya yi faci can, har ta daina zama kewayayya. In an buga ta, tafiya take tana rangaji, ba ka san inda za ta sauka ba. Abokaina suna zaginta, ni kuwa ita ta gyara mini ido, don wanda ya iya kama waccan balo, mai lafiya ba ta ba shi wahala. Raga kuma suna ne kawai. Itace biyu muke kafawa mu ɗaura igiya a sama, rabin wasa ya tafi a gardamar ta sama ta bi ko ta ƙasa. Kafin a fara sai na share ƙarangiya a gaban ragata da tsintsiya, don 'yan gaba a kanta suke gudu, ni a cikinta nake kwanciya. Safar hannu ban taɓa ganinta ba. Ƙaro nake jiƙawa a ɗan gwangwani in shafa a tafin hannu, in ya fara bushewa ya yi danƙo, balo ta zo ta manne.

Sau ɗaya Baba ya ga wasana a ƙasar nan. Ya zo cin kasuwar Tanut, ya tarar 'yan Damagaram sun zo mana. Ranar na yi aiki. Na faɗi dama, na faɗi hagu, na tashi da yashi har cikin kunne, ba su ci mu ba. Mutane suka ɗaga ni sama. Da aka sauke ni na je na durƙusa gabansa ina jiran abin da zai ce. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Wa ya kada ka?"

Na ce, "Ba kowa, Baba. Haka aikin yake."

"Ba wanda ya taɓa ka, kai ke kada kanka? Kuma a yi maka guɗa?" Ya gyara rawaninsa. "To Allah ya kyauta."

Ya kama hanyar gida, bai ƙara tayar da maganar ba.

A shekarar saba'in da bakwai wani direban kamyo, babbar motar kaya, mutumin Damagaram, ya ga wasana ya kai labarina Kaduna. Wata masaƙa ce a can mai ƙungiyar ƙwallo, suna neman mai tsaron raga. Na je ƙauye neman izini. Baba bai hana ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Je ka. Gara ka faɗi inda ba a san ni ba." Na ɗauki wannan a matsayin sa albarka, don ban ga alamar wata na tafe ba.

Na san za ku ce Kaduna ai ba ƙasar waje ba ce, Hausa ake yi. Ku je ku nemi abinci a can ku dawo ku gaya mini. Tun ranar farko sunana ya ɓace, na koma Ɗan Faransa. Kocinmu mutumin kudu ne, da Turancin Ingila yake ba da umarni, ni kuwa ɗan Faransancin lakwal gare ni. In ya yi magana sai in dubi abin da na kusa da ni ya yi, in yi irinsa. Ƙa'idar wurin ita ce kowane ɗan wasa ma'aikacin masaƙa ne. Da safe ina ɗaukar dilar yadi, da la'asar ina raga. A kan haka aka ba ni albashi da ɗaki ɗaya a gidajen ma'aikata, da takardar zama.

Wasana na farko da damina aka yi shi, ana tsuga ruwa. Na shafa ƙarona kamar kullum, kafin a busa usur ruwa ya wanke shi tas. A yashinmu balo in ta faɗi mutuwa take, ta jira ka. A jiƙaƙƙiyar ciyawa kuwa ƙara gudu take, ga ta ta sha ruwa ta yi nauyi. Ga takalmi mai ƙusoshi da ban saba da shi ba yana cin diddigena. Ta farko ta bi ta ƙarƙashin cikina, ta biyu ta zame daga hannuna ta shige. Na koma ɗaki na ce lallai Habu ba ka iya komai ba, sai ka sake shiga lakwal. Na sayi safar hannu ta ulu, irin ta masu gadi, don ita ke riƙe jiƙaƙƙiyar fata. Na riƙa tafiya masaƙa da takalmin wasa har ƙafata ta haƙura. Kullum in aka tashi sai in roƙi mutum ɗaya ya tsaya ya yi ta buga mini ta ƙasa, ni in sayo masa ƙosai.

Da rani ya zo sai na ga ashe damina sauƙi ce. Ciyawar gaban raga ta ƙone, ƙasa ta koma kamar daɓen ɗaki, ga tsakuwa. Yashinmu na nan Damargu yana yafe wa mutum, ka faɗi yadda ka ga dama ya karɓe ka. Ƙasar Kaduna ba ta yafiya. Na yanka tsohon bargo na ɗinka a cikin wandona wajen ƙugu, na ɗaura wani a gwiwar hannu. Duk da haka ba na kwana kan gefe ɗaya har gari ya waye. Ƙuruciya ce ta riƙa biya mini, ni kuma na ɗauka iyawa ce.

Masu sayen hajarmu su ne 'yan kallo, kuma ba a taɓa yin masu ciniki masu wuyar sha'ani kamarsu ba. Ma'aikatan masaƙa ne, sun wuni cikin ƙarar inji, sun zo su huce. In na tare, "Namu ne! Dogo namu ne!" In ta wuce ni, "A mai da shi Faransa!" Ɗan gari in ya yi kuskure, an san uwarsa an san ubansa, a yi haƙuri. Baƙo kuskurensa ba shi da dangi. Akwai mutanen Japan a masaƙar masu gyaran injuna, ɗayansu, wani gajere mai tabarau, yakan tsaya bayan ragata duk wasa. Wata rana ya kawo mini jaridar ƙasarsu, ya nuna mini hoton wani ɗan ƙasarsu cikin rigar wata ƙungiya ta Jamusawa, shi kaɗai a tsakiyar dogayen Turawa. Ya nuna hoton, ya nuna ni, ya ce da 'yar Hausarsa, "Shi baƙo. Kai baƙo. Aiki biyu." Ban san sunan ɗan wasan ba har yau, amma na daɗe ina tambayar lafiyarsa kamar ɗan'uwa. Shi ya sa maganarku ta shekaranjiya ta ɓata mini rai.

Sai shekarar tamanin da huɗu. Tun farkonta na yi tsalle hagu a kan busasshiyar ƙasa, na sauka kan gwiwar hannu, kafaɗa ta goce. Maɗori ya mai da ita, ta warke, amma jikina ya ƙi mantawa. Balo in ta nufi hagu ta ƙasa, zuciya ta ce tafi, jiki ya tsaya shawara, kafin su daidaita ta shige. Irin wannan labari ba ya ɓoyuwa a ƙwallo. Kafin damina ta ƙare duk ɗan gaban da ke Arewa ya san hagun Ɗan Faransa a buɗe take. Ga shi muna da mai tsaron raga na biyu, Bitrus, saurayi mai jini a jika, ba ya tsoron ƙasa ko kaɗan. Ga masaƙa ta shiga matsi tana rage ma'aikata, an ce mai tsaron raga ɗaya za a riƙe.

A wannan shekarar ce ruwa ya ƙi sauka a Damargu. Gero ya tsiro ya ƙone tun bai kai gwiwa ba. Shanun Baba suka bi juna ɗaya bayan ɗaya. Bayan lokacin da ya kamata a ce kaka ce, na dawo daga aiki na tarar da mutane zaune a ƙofar ɗakina: Inna, da matan ƙannena da 'ya'yansu, da wani tsoho a gefe, riga ta yi masa yawa. Sai da ya ɗago kai na gane Baba ne. An rufe iyaka a lokacin, ta daji suka biyo. Na ba mata da yara ɗakin, ni da Baba muka koma kwana a baranda. Duk bakin nan albashina yake jira. In na rasa raga na rasa aiki, na rasa ɗaki, na rasa takardar zama, kuma inda za a mai da mu babu ko ƙwayar gero. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Ana haka koci ya kira ni gefe. Hausarsa ta ɗan nuna a lokacin. Ya ce, "Dogo, ni ina son ka. Amma Asabar ɗin nan, in hagu bai gyaru ba, Bitrus ne." Ban ga laifinsa ba, ko ni ne abin da zan yi ke nan.

Baba ba shi da abin yi, sai ya riƙa bina filin atisaye yana zama gindin mangwaro. Ranar Laraba muka fito daga sallar asuba, gari ya fara haske, sai ya ce, "Kai, zo nan." Ya ja ni bayan gidajen ma'aikata, wani fili mai tauri inda mata ke shanya.

"Shekara nawa kana wannan abu, ashe ba ka ma iya faɗuwar ba?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, kai da ba ka taɓa faɗuwa ba, ina ka san ta?"

"Yo ni ban faɗi ba, amma maza nawa na kayar? Ina tsaye a kansu ina kallo. Na san wanda ke tashi yana kakkaɓe jiki, na san wanda ake ɗauka a kai wa maɗori. Wanda ya tare ƙasa da hannu, faɗa yake da ita, kuma ba a cin ƙasa da faɗa. Kai da gwiwar hannu kake sauka. Ka ba ƙasa gefenka duka. Ƙafa ta fara isa, sai cinya, sai ƙugu, sai haƙarƙari, kafaɗa ta zo ƙarshe ta tarar an gama. Kuma ka saki numfashi, kada ka riƙe shi."

Na gwada, na sauka kan gwiwar hannu. Na sake, haka. Ya ce, "Tsaya in kada ka, jikinka zai ji da kansa." Ya kama ni irin kamun da ya yi wa mazan Damargu, hannu ɗaya a ƙugu ɗaya a cinya. Ya yunƙura. Ban motsa ba. Ya sake yunƙurawa, na ji ƙasusuwan ƙirjinsa a jikina. Yunwa ta riga ta cinye Ƙi-Faɗi. Na yi niyyar in saki jiki in faɗi don in rufa masa asiri, sai ya sake ni ya ce, "Kada ka soma."

Ya tsaya yana haki. Ya duba gabas, ya duba yamma, ba kowa sai awaki. Ya tuɓe rigarsa ya miƙa mini, ya ce, "Matsa." Sai ya taka ƙafar hagu gefe, ya karkata, ya tafi ƙasa gaba ɗayansa.

Yana kwance cikin ƙura ya ɗago kai. "Ka gani?"

Wallahi ban ga komai ba. Idona ya cika da hawaye, abin da na sani kawai Baba yana ƙasa. Na ce, "Ban gani ba, Baba."

"Kai dai anya ɗana ne? Goge idonka."

Ya dafa ƙasa ya tashi da ƙyar, ya ƙi karɓar hannuna. Ya sake yi. Wannan karon na buɗe ido da kyau. Ƙafa, cinya, ƙugu, haƙarƙari, kafaɗa, a jere kamar ana shimfiɗa tabarma, ko ƙara babu. Tsoho mai yunwa a kan ƙasa mai tauri, ya tashi ba inda ya ƙuje. Ya karɓi rigarsa ya kakkaɓe gefensa, ya ce, "Saura kai. Kuma wannan ba kaye ba ne, ba wanda ya kada ni. Amma kada in ji shi a Damargu."

Daga ranar har Juma'a ina wannan fili safe da yamma, yana tsaye a kaina da kara, in gwiwar hannu ta riga sauka ya ɗana mini. Ranar Asabar baƙinmu suka zo da labarin da aka ba su. Tun daga farko hagu suke nema, ta ƙasa, ba sa ko ɓoyewa. Ta farko da ta taho, jikina ya so ya tsaya shawararsa, sai na tuna mutumin da ya ajiye sunan da ya tara duk rayuwarsa a filin shanya saboda wannan faɗuwa ɗaya. Na tafi. Na ji ƙasa ta karɓe ni daga ƙafa zuwa kafaɗa, balo tana ƙirjina, ba abin da ya yi zafi. Suka sake, na sake. Har aka tashi ba su daina gwada hagun nan ba, kuma ba ta buɗe ba. Babu ci aka rabu, wasan da ba wanda zai tuna da shi sai ni. 'Yan masaƙa suna ta "Namu ne!" Koci ya zo ya dafa kafaɗar, ita dai ta hagun, ya ce in zo atisaye Litinin. Bitrus ya samu wata ƙungiya a Jos, kuma ya yi suna a can, abinsa da mai rabo.

Na nemi Baba na same shi a bakin ƙofar fili. Na durƙusa kamar wancan karon. Ya ce, "Ta ukun nan ka riƙe numfashi." Shi ke nan yabon da na samu, kuma ya ishe ni.

Albashin nan ya riƙe mu har ruwa ya dawo. Da damina ta gaba suka koma gida da irin shuka, ni na ƙara shekara biyu a raga sannan na biyo su. Baba ya rayu har ya ga rumbunsa ya cika, ya mai da jikinsa, yana zama gaba a wurin kokawa ana nuna wa yara shi. Ban taɓa buɗe baki ba.

Ranar da ya rasu mutane suka zo daga Belbeji, daga Tenhiya, har da tsofaffin da ya kayar. Ina ji suna cewa yau dai ƙasa za ta fara taɓa jikin Ƙi-Faɗi. Na bar su da maganarsu. Ni na shiga kabarin na karɓe shi. Na kwantar da shi kan gefensa a hankali, ƙafa ta fara isa, sai cinya, sai ƙugu, sai haƙarƙari, kafaɗa ta zo ƙarshe.

Ya ce kada ya ji labarin a Damargu. Yanzu ba zai ji ba, shi ya sa na ba ku. Wanda har yanzu yake ganin mai tsaron raga hutawa yake, ya same ni gobe bayan kasuwa, wajen da ƙasa ta fi tauri. Kada ya zo da balo, ba mu kai nan ba tukuna.